Me ya sa sifirin da aka gyara da wuta yake saurin karyewa?

Tambaya daga wani mai motar ɗaukar kaya, kanta, a Jega: "Ina ɗaukar shinkafa daga Argungu da albasa daga Aliero zuwa kudu. Sifirin ɗin baya ya kwanta, sai na kai aka sa masa wuta aka mayar masa da lanƙwasarsa, aka goge shi tas, aka yi masa fenti. Ba a daɗe ba falle biyu suka karye. Amma na Beljiyam da na saya da tsatsarsa har yanzu yana aiki. Ƙarfen ne ba shi da kyau, ko kuwa aikin ne? Sannan an ba ni shawara in kai a yi masa rufin tutiya ko kurom don kada ya yi tsatsa. Hakan zai ƙara masa kwana?"

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ƙarfen ba shi da laifi, domin shi ne dai ya yi shekaru yana ɗauke da motarka kafin ya kwanta. Abin da ya fi lalacewa shi ne fatarsa, wato ɗan siririn saman ƙarfen da kaurinsa bai kai rabin milimita ba. A wannan fata masana'anta take ajiye mafi yawan abin da ke sa sifirin ya daɗe, ido kuma ba ya ganinsa, shi ya sa mai gyara yake shafe shi da wuta cikin 'yan mintuna, yana ganin aiki mai kyau ya yi maka.

Sifirin ba kasafai yake karyewa don an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa sau ɗaya ba. Idan hakan ta faru, lanƙwashewa yake yi ya kwanta. Karyewa tana zuwa ne daga maimaici: ya danne, ya saki, ya danne, ya saki, a kowane rami da kowace gargada tsakanin Jega da Koko har Yawuri, sau dubbai a tafiya guda. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe. An mayar da hankali kanta sosai a harkar jirgin ƙasa a Turai, musamman bayan hatsarin da ya auku kusa da Versailles a Faransa a 1842, inda aksul ɗin kan jirgi ya karye. Daga baya wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya shafe shekarun 1850 da 1860 yana gwada aksul, ya nuna cewa nauyin da bai isa ya yi wa ƙarfe komai ba a karo ɗaya zai karya shi idan aka maimaita shi da yawa. Ya kuma nuna cewa akwai wani mizani wanda idan nauyi bai wuce shi ba, ƙarfen zai jure maimaici miliyoyi. Duk aikin da ake yi wa fatar sifirin ƙoƙari ne na ɗaga wannan mizani.

Idan ka lanƙwasa fallen ƙarfe, ɓangare ɗaya yana miƙewa, ɗayan yana matsewa, tsakiyar kaurinsa kuwa kusan ba ta jin komai. Wahalar duka a kan fata take. Kuma tsaga ba ta buɗewa a inda ake matse ƙarfe, sai a inda ake jan sa. Dubi mai yadi a kasuwa: ba zai iya yaga atamfa da hannu daga gefenta ba, amma da zarar ya ɗan tsaga bakin da almakashi, sai ya ja ta ta yage har ƙarshe ba wahala. Ƙarfe ma haka yake. Ƙarci, ko ramin tsatsa, ko sawun guduma a ɓangaren da ake ja, shi ne bakin almakashin. Ƙarfin jan yana taruwa a gindin wannan ɗan tabo ya ninka, tsaga ta fara, kowane danni ya ƙara mata tsawon da ko a madubin likita da ƙyar za a gani, har ranar da abin da ya rage bai isa ya riƙe lodi ba.

A sifirin mai falle irin na kanta, ɓangaren da ake ja shi ne na sama, wato cikin kwarin lanƙwasar, domin lodi yana ƙoƙarin miƙar da fallen ne. A sifirin mai naɗi irin na ƙananan motoci da babur, murɗa wayar ake yi, kuma wurin da ya fi wahala shi ne cikin zoben, ɓangaren da ke kallon tsakiya, wanda kuma shi ne mafi wuyar dubawa.

Babban maganin da masana'antu suka samo shi ne feshin ƙwallaye. Bayan an gama ƙera sifirin an ba shi taurinsa, sai a sa shi cikin inji da ke watsa masa ƙananan ƙwallayen ƙarfe masu tauri, yawancinsu ba su kai milimita ɗaya ba, da gudu mai tsanani. Kowane ƙwallo yana barin ɗan lotsi. Lotsin nan yana ƙoƙarin baza fatar zuwa gefe, amma ƙarfen da ke ƙarƙashi bai bazu ba, don haka yana riƙe ta, yana matse ta. Idan lotsi ya rufe ko'ina, fatar gaba ɗaya takan zauna a matse, ko da ba lodi a kan motar. Zurfin wannan matsi a yawancin sifirin bai wuce kashi biyu zuwa huɗu cikin goma na milimita ba.

Amfaninsa lissafi ne mai sauƙi. A ce lodi yana jan fatar da ƙarfi 800, matsin da feshi ya bari kuma 500 ne. Sai lodin ya fara cinye 500 ɗin nan tukuna kafin fatar ta fara jin ja, abin da za ta ji kuwa 300 ne kawai. Waɗannan lambobi misali ne na kawo don fahimta, amma akwai na gwaji. Wani injiniyan sifirin a Amurka, F. P. Zimmerli, ya gwada sifirin masu naɗi da wayarsu ba ta kai milimita 10 ba, ya samu mizanin jurewarsu yana wajen megafaskal 310 (ma'aunin wahalar da ƙarfe ke sha) idan ba a yi feshi ba, ya kuma haura zuwa wajen 465 idan an yi. Ƙarin rabi ke nan. Abin da ya fi ba ni sha'awa a sakamakon nasa shi ne, a wannan iyakar kauri, irin ƙarfen da ƙarfinsa ba su canza mizanin ba. Halin fatar ne ya canza shi. Duk lokacin da na ji ana gardama a bakin gareji kan wane ƙarfe ya fi wani, na Japan ko na Jamus, wannan nake tunawa.

Feshin ba a yin sa da ka. John Almen na kamfanin General Motors ya fito da hanyar auna shi a shekarun 1940: ana sa ɗan siririn fallen ƙarfe a inda sifirin zai zauna, a fesa gefe ɗaya, sai fallen ya gantsare, tsawon gantsarewar ya nuna ƙarfin feshin. Har yau da ita ake aiki. Idan feshi ya gaza, akwai guraben da ba su samu ba, kuma daga nan tsaga za ta fara. Idan ya yi yawa, ko aka bar fasassun ƙwallaye masu kaifi a cikin injin, shi kansa yakan zama mai yanka fatar. Saboda haka kada wani ya ce maka feshin yashi da ake wanke tsatsa da shi daidai yake da wannan. Yashi yana da kaifi, ba shi da nauyi, aikinsa tsabtacewa ne.

Ga manyan motoci, musamman sifirin na zamani mai falle kaɗan wanda kaurinsa ke raguwa zuwa baki, ana ƙara dabara: a danne fallen kamar yana ɗauke da lodi, a yi masa feshi yana a haka, sannan a sake shi. Matsin da ke saura ya fi na feshin da aka saba. Bayan haka a danna sifirin ɗin gaba ɗaya fiye da iyakar aikinsa don ya yi kwanciyar da zai yi tun a masana'anta. Wannan ma yana barin matsi mai amfani a ɓangaren da ake ja.

To, ga abin da wuta ta yi wa naka. Ɓarna uku ce, kuma kowace ɗaya ta isa.

Matsin feshi ba wani abu ba ne da aka shafa, yanayi ne da aka tilasta wa ƙarfen zama a ciki. Zafi yana sassauta shi. Masana'anta kanta bayan feshi ba ta yarda zafin ya wuce wajen digiri 230 zuwa 250 ba. Idan ka ga gogaggen ƙarfe ya koma shuɗi a bakin wuta, ya kai wajen digiri 300, matsin ya fara tafiya. Idan ya yi ja har ana iya lanƙwasa shi da guduma, ya wuce 700, babu sauran komai. Wannan ita ce ta farko.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ƙarfen sifirin yana ɗauke da kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari, tare da silikon da manganis ko kurom, gwargwadon irinsa. Kabon ɗin ne ke ba shi tauri. Idan ƙarfe ya yi ja a cikin iska, kabon na fata yana haɗuwa da iskar ya fice, sai a bar wani siririn rufi mai laushi kusan kamar ƙarfen ƙusa. Kuma irin ƙarfen sifirin mai silikon da yawa ya fi saurin yin haka. Ka ga an samu fata mafi rauni a daidai wurin da ake buƙatar mafi ƙarfi. Masana'antu suna kula da iskar da ke cikin tanderu da tsawon lokacin da ƙarfe zai yi a ciki saboda wannan dalili, wani lokaci har su fere saman sandar kafin a naɗa ta.

Ta uku ita ce taurin cikin ƙarfen. Asalin tsarin shi ne a kai shi wajen digiri 850, a tsoma shi a mai, sannan a sake ɗumama shi tsakanin 400 da 500 na wani lokaci, dukkan fallen a zafi ɗaya. Da wutar gawayi ko ta gas, wani wuri zai yi ja sosai, wani ya tsaya a shuɗi. Idan aka bar shi ya huce a iska, ya yi laushi, zai sake kwanciya. Idan aka tsoma shi a ruwa don a hanzarta, ya yi tauri ya zama mai gautsi, sau da yawa ma da ƙananan tsagu tun kafin a ɗaura shi. Iyakar da ke tsakanin wurin da ya sha wuta da wanda bai sha ba, nan ne aka fi samun karaya.

Ban faɗi haka don rage darajar maƙera ba. Sun san ƙarfen sifirin sarai, shi ya sa suke neman tsohonsa don wuƙa da gatari da fartanya, kuma abin da suke fitarwa yana da kyau. Sai dai wuƙa wasa ta ake yi, dutsen wasa ya cinye fatar da kabon ya gudu daga cikinta ya kai ga ƙarfe mai kyau. Kuma ba a lanƙwasa wuƙa sau miliyan. Buƙatar sifirin daban ce, kayan aikinta kuma ba sa cikin maƙera.

Gogewar da aka yi masa tas ita ma ta taimaka wajen kashe shi. Injin gurza yana cire fata, yana kuma barin layuka. Idan layukan sun gitta fallen daga gefe zuwa gefe, kowane ɗaya wurin fara tsaga ne, domin a haka tsagar take bi. Idan dole sai an goge wani tabo, a bi tsawon fallen, da takardar yashi mai laushi, kada a bari ƙarfen ya canza launi. Walda kuwa ba ta da wuri a jikin sifirin ko kaɗan. Ko ɗan tartsatsin da mai walda yake yi idan ya goga sandarsa a kan fallen don ta kama wuta, yana barin ɗigo mai tauri da gautsi wanda ya isa ya karya fallen nan gaba. Idan za a yi walda a shasi, a rufe sifirin.

Za ka ce to a mayar da lanƙwasar ba wuta, da injin matsi. Ya fi wuta nesa ba kusa ba, domin bai taɓa kabon da tauri ba. Amma lanƙwasa shi ake yi zuwa kishiyar inda lodi ke kai shi, wannan kuma yana warware wani ɓangare na matsin da masana'anta ta bari, don haka yakan sake kwanciya da wuri. A ganina dabara ce ta kai kaya kasuwa a dawo, ba gyara ba ce. Sifirin da ya kwanta yana gaya maka ya sha lodin da ya fi ƙarfinsa, kuma mayar masa da siffa ba ya mayar masa da kwanakin da ya ci.

Na Beljiyam ɗinka ya daɗe ne saboda wuta ba ta taɓa shi ba, tsatsar da ke kansa kuma ta sama ce. Tsatsa iri biyu ce a nan. Akwai jar ƙura da ke fita da burushin waya ta bar fata sumul ko da ƙananan lotsi masu kama da juna, waɗanda sawun feshi ne, alama ce mai kyau. Akwai kuma wadda ta haƙa ramuka. Ramin da zurfinsa ya wuce fatar da ke matse ya kai ga inda ƙarfen ke a jaye, kariya ta ƙare a wurin. Ka lura da wannan sosai wajen sayen na hannu, domin a ƙasashen sanyi ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kuma yana cin ƙasan mota. Ka raba fallayen ka duba ɓangaren sama na kowanne, musamman kusa da tsakiya da inda bakin falle ke gogar na samansa. Wanda farce ke maƙalewa a raminsa, bar shi ko da araha.

Mu nan gishirin titi ba ya damunmu, amma muna da namu. Motar da ke shiga fadamun Argungu da Suru da damina tana kwaso laka ta cusa tsakanin fallaye, lakar ta riƙe danshi kwana da kwanaki. Wanda ke ɗaukar takin zamani ya fi kowa shiga haɗari, domin garin da ke zuba daga buhu yana jan ruwa yana cin ƙarfe. Kuma idan tsatsa da maimaicin lodi suka haɗu, mizanin nan na Wöhler ɓacewa yake yi: babu wani nauyi, komai ƙanƙantarsa, da za a ce ƙarfen zai jure shi har abada. Wanke ƙasan mota bayan irin wannan lodi ya fi yawancin abin da ake kashe kuɗi a kai amfani.

Batun rufin tutiya ko kurom, shawarata kada ka yi. Rufin da ake yi da lantarki, da wankin asid da ake yi kafinsa, suna cusa haidirojin cikin ƙarfe. Ƙarfe mai laushi ba ya damuwa, amma mai tauri irin na sifirin yakan zama mai gautsi, har ya iya tsagewa yana zaune a ƙarƙashin lodi, kwana ɗaya ko biyu bayan an ɗaura shi, ba tare da ya yi wata tafiya ba. Masu yin aikin bisa ƙa'ida suna gasa kayan a wajen digiri 200 na awanni da dama, kuma su fara cikin awa huɗu da gama rufin, don haidirojin ya fita. Mai yi wa kayan ado rufi ba lallai ya san da wannan ba. Kurom yana da ƙarin matsala: rufinsa mai tauri ne, cike da ƙananan tsagu tun asali, kuma tsagun sukan zarce cikin ƙarfen da ke ƙasa. Idan kuma tsoma shi za a yi a narkakkiyar tutiya kamar yadda ake yi wa bututun ruwa, zafinta wajen digiri 450 ne, ka ga mun koma maganar wuta. Saboda wannan dalilin dai, kada yara su wanke maka tsatsar sifirin da ruwan batir.

Abin da masana'antu ke yi bayan feshi shi ne wankin fosfet sannan fenti, ko fentin gari da ake gasawa a zafin da bai kai ya taɓa matsin ba. Kai a gareji, burushin waya, fentin hana tsatsa da fenti mai kyau a kai sun wadatar. Tsakanin fallaye a shafa giris mai garin girafait kaɗan, idan kuma motar ta zo da robobi a bakin fallaye, a mayar da su idan sun cinye. Jar ƙura da ke fitowa daga tsakanin fallaye alama ce suna cin juna, gogayyar kuma tana fere fatar da muke ta magana a kai. Baƙin mai da ake kwarara wa sifirin yana kama yashi ne kawai ya zama abin gurza.

Akwai wani aikin fata da ake yi wa sifirin bawul na cikin inji, inda ake shigar da naitirojin cikin fatar a tanderu don ta ƙara tauri, sannan a yi feshi daga baya. Dalilin wannan ɗawainiya a fili yake: inji mai juyi 3,000 a minti yana danna kowane sifirin bawul sau 1,500 a minti, wato 90,000 a awa, miliyan goma cikin awa ɗari da 'yan kai. Irin wannan ko ƙarci ya samu daga filaya, canza shi ake yi.

Duk wannan ba zai ceci sifirin daga lodin da ya wuce kima ba, kuma na san kuɗin mota a kan buhu ake lissafa shi. Amma ka riƙe cewa dangantakar ba ɗaya bisa ɗaya ba ce: ƙarin kashi goma cikin ɗari a kan wahalar da fata ke sha yana iya rage kwanan sifirin da kusan rabi. Buhunan ƙarshe da ake ɗorawa a saman kanta su ne mafi tsada.

Idan fallayen da suka karye suna nan, wanke bakin karayar da kananzir ka duba a rana. Za ka ga wani wuri mai santsi, sau da yawa ya yi duhu, mai siffar rabin da'ira da layuka masu zagaye juna, sai sauran wurin mai kaushi da haske. Mai santsin shi ne inda tsaga ta daɗe tana tafiya, mai kaushin shi ne abin da ya ɓalle a rana ɗaya. Bi layukan zuwa inda suka taru a bakin fata, nan ta fara, kuma yawanci za ka tarar da dalilin a wurin: rami, ko layin gurza, ko sawun guduma, ko ɗigon walda. Idan wuraren farawa suna da yawa a jere, fatar ce gaba ɗaya ta yi laushi, aikin wuta ke nan. Idan santsin ɗan kaɗan ne kaushin ya cinye kusan duka, ƙarfen ya yi gautsi ko lodi ya yi yawa. Idan kuwa karayar ta bi ta ramin ƙusar tsakiya, kada ka zargi wuta ko tsatsa: yubol ne, wato ƙusa mai siffar U da ke ɗaure sifirin a jikin aksul, ya saki, tsakiyar da ya kamata ta zauna daram ta riƙa lanƙwasa a daidai inda aka huda ta. Sabon sifirin ma haka zai karye, don haka idan ka canza, ka canza na hagu da na dama tare, ka sa sabbin yubol, ka kuma sake ɗaure su bayan tafiyar farko da lodi.